MAƘOGWARON INJI: MU RUFE SHI DA KYAU KADA ƘURA TA SHIGA

Jawabin da wani makanike ya yi ma ƴan yaƙi da jahilci na ƙasar Gangara, masu noman rani da masu injin niƙa



Dattawan gari, ina gaishe ku. Iyayenmu mata, sannunku da aiki. Samari masu garka, masu kabu-kabu, masu injin niƙa, sannunku da zuwa. Malaminku ya ce in zo in yi muku magana bisa gyaran inji. Na ce masa: malam, inji daji ne, ba a ratsa shi da marece guda. Don haka wuri guda kaɗai za mu duba yau. Wurin ƙarami ne, tafin hannu ya rufe shi. Amma tun ina yaron garaji a Maradi har yau, injinan da na ga sun mutu ta wurin nan sun fi waɗanda tsufa ya kashe.

Wurin shi ne maƙogwaron inji, inda iska ke bi ta shiga ciki. Ga wani tsohon injin ban ruwa na kawo, ku matso ku gani.

INJI YANA NUMFASHI

Da yawa cikinmu sun ɗauka mai kaɗai inji ke sha. Ba haka ba ne. Iskar da yake shaƙa ta fi man nesa ba kusa ba. Kafin inji ya ƙone lita 1 ta isansi, sai ya shaƙi iska wajen lita 9.000. Masu allo, ku rubuta. Tano guda lita 200 yake ci. Ku raba 9.000 gida 200. Nawa kuka samu? 45. To, kowace lita guda ta mai, tano 45 na iska ke raka ta.

Yanzu ku dubi sama. Lokacin ban ruwa shi ne lokacin hunturu. Daga watan Nuwamba har Maris hazo ne ke bisa kanmu, rana ma da ƙyar ake ganin ta wani lokaci. Iskar nan ce injinku ke shaƙa.

Shi ya sa maƙeran inji suka sa masa matatar iska. Matata ita ce hancinsa. Iska ta bi ta matata, ƙura ta tsaya. Daga nan ta shiga kabureta, ta gauraya da mai daidai gwargwado. Daga kabureta ta bi maƙogwaro ta faɗa kan inji, wanda makanikai ke ce ma kilas. Can wuta ke kama ta.

Ga inda maganar take. Matata, kabureta, maƙogwaro da kilas ba ƙarfe guda ba ne. Guntu-guntu ne, an haɗa su da noti. Ƙarfe biyu in an haɗa su, ko yaya suka yi sumul, sai an bar ƴar kafa wadda ido bai gani. Don toshe kafar nan ake sa wata takarda mai kauri tsakaninsu. Mu nan muna ce mata juwan. Makanikan Katsina da Kano suna ce mata gaskit. Abu guda ne. In juwan ya zauna daidai, iska ba ta da hanya sai ta hanci. In ya yage, ko an sa shi a karkace, iska ta samu ƙofar ɓarayi. Ba ta bin matata. Da ita da ƙurarta duka ciki.

ABIN DA YA FARU GA WANI MAI GARKA

Wata shekara, cikin watan Fabrairu, wani mutum ya zo mini da injinsa bisa amalanke. Ba zan faɗi sunansa ko garinsu ba. Albasa ya shuka, da tumatir da shu. Da bashi ya sayi injin, za ya biya in ya sayar da albasa. Kwana uku ke nan garka ba ta sha ruwa ba. Ku manoma ne, kun san abin da kwana uku ke yi ma tumatir in ya fara fure.

Na tambaye shi. Ya ce wata biyu da suka wuce injin ya fara gardama, ya kai ma wani yaro ya wanke kabureta. Tun daga ran nan injin ba ya tafiya sai an ja masa shok rabi. Ya ce ya ɗauka halin injin ne.

Na kwance. Juwan na bayan kabureta ya rabe biyu tun ranar wankin. Yaron bai canza shi ba, ya maida shi haka nan ya ɗaure. Wata biyu injin na shan ƙasa. Da na buɗe ciki, zoben fistan, wato segima, ya cinye ya yi kaifi kamar aska. Bangon da fistan ke hawa da sauka ya yi zane-zane. Baƙin man da ke ciki, in ka murza shi da yatsa, kana jin rairayi.

Juwan ɗin nan bai kai kuɗin kaza ba. Gyaran da aka yi, sai da mutumin ya sayar da akuya. Kayan ma sai da aka aika Maradi. Tumatir bai jira ba.

Me ya sa ƙura ke da wannan ɓarna? Ƙurar ƙasarmu rairayi ne da ya niƙu. Rairayi kuwa ya fi ƙarfen inji tauri. Kun ga yadda mata ke goge tukunya da rairayi har ta yi fari. Haka yake yi a cikin inji, sai dai can ba hannu ke gugar ba. Irin wanga inji yana juyawa sau 3.600 cikin minti guda in an buɗe masa wuta.

YADDA ZA KU GANE

Injin isansi yana faɗin ciwonsa, in mai shi na saurare. Iskar da ta shiga ta ɓarauniyar hanya ba ta bi ta kabureta ba, ba ta ɗauko mai ba. Sai iska ta yi yawa, mai ya yi kaɗan. Kamar fura ce da aka cika ma ruwa.

Inji ya yi wuyar tashi da safe. In ya tashi, kun maida shok, ya mutu. In kun rage wuta ba ya zama wuri guda: ya hau, ya sauka, ya hau, ya sauka, kamar mai haki. Wani lokaci ya yi tari ta baya, tas! Yana zafi fiye da yadda ya saba. In kun kwance buji, wato fulogi, bakinsa ya yi fari kamar toka. Na lafiyayyen inji launin ƙasa-ƙasa ne.

Zafin nan kada ku raina shi. Ƙananan injinan ban ruwa ba su da ruwan sanyaya, iska ce ke fifita su. Ku tuna da ranar watan Afrilu. In zafin rana ya haɗu da zafin ƙarancin mai, bawul na ƙonewa.

Abin da mutane ke yi kuwa shi ne su bar shok rabi su ci gaba da aiki. Inji ya tafi, gaskiya ne. Amma ba a gyara komi ba. Kafar na nan, ƙura na shiga, mai kuma na ƙonewa a banza. Tun da Najeriya ta janye tallafin mai a watan Mayu na 2023, kowa nan ya san kwalbar ruwa-ruwa ba ta da arahar da. Ba lokacin zubar da mai ba ne.

MASU INJIN NIƘA, KU KUKA FI SHIGA HATSARI

Iyaye mata masu asusu, waɗanda kuka tara kuɗi kuka sayi inji, ku saurara nan da kyau.

Injin niƙa da gazuwal yake aiki, ko ƙirar Indiya ne ko ƙirar Sin. Shi ba shi da kabureta. Iska zalla yake shaƙa, sannan famfo ya fesa masa mai can ciki. Saboda haka in maƙogwaronsa ya yi kafa, ba ya tari, ba ya haki, ba ya gardama. Tafiyarsa yake yi lafiya lau. Ba ya faɗa muku komi. Ga shi kuma cikin rumfa yake, inda garin hatsi da dusa ke tashi wuni zubur.

Ran da za ku gane, aikin gama ya gama. Ƙarfi ya ragu. Shuɗin hayaƙi na fita. Baƙin mai na ƙarewa da wuri. Da safe sai samari biyu sun gaji da juya hannu kafin ya tashi.

To, tun da shi ba ya magana, ku ne za ku duba shi. Injin niƙa yana jijjiga ƙwarai, jijjiga kuwa tana kwance noti. Kowane mako, ran da ba niƙa da yawa, a kashe inji, a bari ya huce. A kama tukunyar matatar iska a girgiza ta da hannu. In tana motsi, akwai magana. A duba wuyan bututun, wurin da aka yi walda, ko ya tsage. Sannan a cire matata a zura yatsa mai tsabta cikin bututun, ta gefen inji. In yatsa ya fito da ƙura, to ƙura na wucewa. Ko matata ta lalace, ko juwan. Wanga dubawa ba ta buƙatar makanike. Mai tsaron inji ya iya, ke ma shugabar ƙungiya kin iya. Ki tsaya a yi ta gabanki.

KWANCEWA

Yanzu ga aikin kansa. Ku dubi hannuna.

Da farko inji ya huce. A rufe famfon mai. A cire hular fulogi. Mai taba ya ja baya, kuma kada a yi aikin kusa da murhu. A shimfiɗa buhu mai tsabta, kada a aje kaya bisa rairayi. In iska na kaɗawa a shiga zaure.

Kafin a taɓa noti, a wanke wajen injin. Dattin da ke waje shi ne ke faɗawa ciki in an buɗe.

A irin wanga inji, noti biyu ne ke riƙe da komi, kile lamba 10 ke kwance su. Suna bisa dogayen ƙusoshi biyu masu haƙora da suka fito daga kilas. Ku cire kaya ɗaya bayan ɗaya, ku jera su bisa buhu yadda suka fito, daga dama zuwa hagu. Gidan matata. Juwan. Kabureta. Juwan. Wani ɗan allo baƙi mai kauri. Juwan kuma. Sannan kilas. Ku ƙirga: juwan uku ne, kuma ba kamarsu guda ba. Wanda ya iya rubutu ya sa ma kowane lamba a takarda. Wanda ke da salula mai hoto ya ɗauki hoto. Ba abin kunya ba ne, mu ma muna yi.

Ɗan allon nan baƙi, wasu na ganin ba shi da amfani. Yana da shi. Shi ke hana zafin kilas ya kai ga kabureta ya tafasa mai. Ba ƙarfe ba ne, yana tsagewa in an matse shi da yawa. Ku wanke shi, ku ɗaga shi ga hasken rana, ku duba kusa da ramukan ƙusa. In ya tsage, ko juwan goma kuka sa ba ya rufuwa. Sai sabo.

Da kun cire kaya, ramin kilas ya buɗe baki. Ku toshe shi da tsumma mai tsabta kafin ku fara kankara. Amma ku bar jelar tsumman a waje inda za ku gan ta. Ni da nake gaya muku, ina yaro na taɓa manta tsumma a ciki na ɗaure komi. Maigidana bai doke ni ba. Ya dai bar ni ina jan igiya tun hantsi har azahar, yana zaune yana shan shayi, sannan ya tambaye ni ina tsummansa.

GOGEWA

Nan ne mafi yawan gyara ke lalacewa, don aikin na son haƙuri. Tsohon juwan yana manne ma ƙarfe. Dole a fitar da shi duka. Ɗan guntu kamar ƙwayar gero in ya saura, sabon juwan ba ya kwanciya.

Kada ku kankare da turnabis ko da wuƙa. Kilas da kabureta na sanholo ne, irin na tukunya, ƙarfe mai taushi. Kowane zane da kuka yi masa hanyar iska ce. Ku jiƙa wurin da ɗan gazuwal, ku jira ya yi laushi, ku kankare da guntun roba mai tauri ko itace da aka fiƙe. Kada ku goge shi a bushe kuna hura ƙurar da baki. Wasu tsofaffin juwan an yi su da wani abu mai cutar da huhu.

In wurin ya fita fes, ku duba ko ya miƙe. Bakin kabureta yana lanƙwashewa in an sha matse shi. Kunnuwa biyu inda noti ke zama su duƙa, tsakiya ta ɗaga. Ku samu guntun gilashi, ko madubi. Ku aza bakin bisansa ku duba ta gefe. In haske na wucewa, ya lanƙwashe. Maganinsa: a shimfiɗa takardar guga mai laushi bisa gilashin, a ɗiga ɗan mai, a riƙa murza bakin a hankali kamar ana rubuta lamba 8. Kun ga karatunku ya yi rana. A yi kaɗan, a duba. In duk fuskar ta yi haske bai ɗaya, a tsaya. Sannan a wanke sosai, don garin gugar ma rairayi ne.

SAYEN JUWAN

Tsohon juwan ba ya komawa. Takarda ce, an matse ta sau guda, ta ɗauki siffar wurin, ta bushe da zafi. Ko da ta fita ba ta yage ba, ta gama aikinta.

In za ku saya, ku karanta lambar injinku. Tana jikinsa, an buga ta bisa ƙarfe ko bisa murfin igiya. Wani an rubuta GX160. Na kamfanin Honda ne na Japan, wanda ya fara ƙera jinsin GX a 1983. Wani an rubuta 168F. Wannan ƙirar Sin ce da aka kwaikwayo daga wancan. Lambar tana da ma'ana: 1 tukunya guda ke nan, 68 faɗin tukunyar ne da milimita. Wani kuma Robin ne, EY15 ko EY20, nasa kayan daban ne. Ku rubuta lambar a takarda. Ku riƙe tsohon juwan cikin aljihu. In kun je Gazawa, ko Agye, ko Tasawa, ko Maradi, ku aza tsoho bisa sabo gaban mai kanti. Babban rami ya dace, ramukan ƙusa su dace.

Akwai kuma ƴan ƙananan ramuka da tsagi a jikin juwan. Ba ado ba ne. Suna daidai da ƙananan hanyoyin iska na kabureta. In kun juya juwan baibai, kun toshe su, inji ya ƙi tafiya alhali komi sabo ne.

Shawarata, ku sayi biyu. Ɗaya a sa, ɗaya a aje cikin littafin karatunku don kada ya lanƙwashe. Kun tuna lokacin da Najeriya ta rufe iyakarta, daga Agusta 2019 har Disamba 2020, yadda ƙaramin abu ya yi wuyar samu. Ƙungiyar masu garka ma tana iya saye da yawa ta aje wurin ma'aji.

In babu fa? Ga tumatir na jiran ruwa, kasuwa sai jibi. To, ana yankawa. Masu kayan inji suna sayar da takardar juwan falle-falle, ita ta fi. In ita ma babu, a samu kwali mai tauri, marar rami-rami a ciki, irin na suga ko na shayi. A shafa ɗan baƙin mai bisa bakin kabureta, a danna shi bisa kwalin, siffa ta fito. A fara huda ramuka, sannan a yanke gefe da reza. In an fara yanke gefe, wurin huda sai ya yage. A shafa masa giris kaɗan. Wannan na fitar da ku kwana biyu ne, ba na zama ba. Ran kasuwa a sayi na gaske.

Robar cikin taya kuwa, kada ku sa. Isansi na kumbura ta, zafi na narka ta.

MAGANAR SILIKON

Ga wani abu cikin ɗan bututu kamar man goge haƙori, ja ko baƙi ko toka-toka. Silikon ke nan, wasu na ce masa gam. Yaran garaji na yanzu suna son sa kamar me. Komi suka kwance sai sun lafta masa. A ganina ya kashe kabureta da yawa a ƙasar nan.

Ba mugun abu ba ne, yana da wurinsa. Amma maƙogwaron injin isansi ba wurinsa ba ne. Dalili biyu. Na ɗaya, isansi yana jiƙa shi ya yi laushi ya saki. Na biyu, in an ɗaure noti, abin da ya bultso waje kuna ganin sa ku share. Wanda ya bultso ciki fa? Yana nan yana reto cikin hanyar iska. Wata rana ya tsinke, ya toshe ƙaramin rami, ko ya maƙale a bakin bawul.

Fuska mai tsabta, miƙaƙƙa, da sabon juwan, ba su buƙatar gam. In makanike ya ce sai da gam wurin ke rufuwa, to wani abu ya lanƙwashe ko ya tsage. Ku ce ya nuna muku.

ƊAUREWA

An cire tsumma? To. A maida kaya yadda suka fito, daga hagu zuwa dama wannan karo. A tabbata tiyon mai da ƴar sandar da ke jan wuta ba su shiga tsakani ba.

A sa noti biyu da yatsa, a murza har su taɓa. In noti ya ƙi tafiya da yatsa, kada a tilasta shi da kile, ya hau haƙora a karkace. A fitar a sake.

Sannan kile. Kada a gama ɗaya a koma ɗaya. In kun matse na dama har ƙarshe, kabureta ta karkata, gefen hagu ya buɗe. Kaɗan nan, kaɗan can. A koma, kaɗan nan, kaɗan can. Sau uku. Kamar ɗaurin kaya bisa jaki ne: in an ja igiyar gefe guda duka, mangala ta zame.

Har ina za a matse? Manyan garaji suna da kile mai awo, mu ba mu da shi. Ƙusar nan kaurinta milimita 6 ne kaɗai, kuma cikin sanholo take zaune. Ku kama kile kusa da kansa, da yatsu uku. In ya tsaya, ku ƙara ɗan kaɗan, ku bari. Kada a sa ƙafa. Kada a ƙara ma kile bututu. Ƙarfin samari shi ke fasa baƙin allo, shi ke lanƙwasa kunnuwa, shi ke cinye haƙoran kilas. In haƙoran kilas suka tafi, aikin ya fi ƙarfin ƙauye.

Sabuwar takarda tana ɗan kwantawa in ta sha zafi. Bayan ban ruwan farko, in inji ya huce, a sake taɓa notocin da kile.

GWAJI

A buɗe mai, a maida hular fulogi, a tada inji. A fili, ba cikin ɗaki ba, ba kuma cikin rijiya ba. Hayaƙin inji yana kashe mutum a wuri rufaffe, ba ya ko jin wari.

In ya ɗumama, a maida shok, a rage wuta. Lokacin da wuta ke ƙasa ne kafa ta fi jan iska, shi ya sa ake gwadawa a nan. A ɗiga baƙin mai kaɗan kewayen mahaɗin, ko a yayyafa ruwa. A kasa kunne. In murya ta canza, ko kun ga man na shigewa ciki, akwai kafa. In murya na nan yadda take, an rufe.

Na ga masu gwadawa da isansi. Kada ku yi. Salansa na kusa, yana da zafi, fulogi na tartsatsi.

MOTO DA MOTA

Ƴan kabu-kabu, naku maƙogwaron ɗan lanƙwasasshen bututu ne tsakanin kabureta da kilas. Galibi akwai roba a jikinsa, da wani zoben roba a bakinsa. Rana da zafin inji suna busar da roba ta yi tsaga-tsaga. Moto na tsaye yana aiki, ku ɗan girgiza kabureta da hannu. In murya ta hau ko ta sauka, robar ta tafi. Naɗa mata leda ba gyara ba ne. Ku duba kuma babban tiyon da ya taho daga matata, shi ma yana tsagewa ta ƙasa inda ba a gani. Hanyoyinmu na rairayi ne, kun fi kowa sani.

Mota kuwa, irin Hiace da ke bin kwalta daga Maradi zuwa Zinder, maƙogwaronta rassa huɗu gare shi, kowace tukunya da nata, notoci da yawa a jere. Dokar guda ce, sai ƙari ɗaya: daga tsakiya ake fara ɗauri, a riƙa fita gefe-gefe, dama da hagu, sama da ƙasa. In an fara daga baki, tsakiya ta kumbura. Wasu motoci ruwan radiyeta na bi ta jikin maƙogwaro, in juwan ya saki sai ruwa ya riƙa ɓacewa. Sababbin motoci kuma maƙogwaronsu na roba mai tauri ne, da zoben roba, ba a sa musu gam. Wannan aikin garaji ne, ba zan tsawaita ba.

IN BA KU ZA KU GYARA BA

Ba kowa ke son taɓa inji ba. Ba laifi. Amma in kun kai gyara, kada ku aje ku tafi kasuwa. Ku tsaya. Ku je da sabon juwan a hannunku. Ku ce a ba ku tsohon, don ku tabbata an canza. In kun ga yaro ya aje kabureta bisa ƙasa, ku yi magana. In ya ɗauko gam, ku tambaye shi dalili. Makaniken kirki ba ya jin haushin tambaya. Injinku ne, kuɗinku ne.

Wanga tsohon inji zan bar shi wurin malam, da kile lamba 10, da kwali, da reza. Ba ya tashi, ba abin da za ku ɓata. Kowa ya kwance ya ɗaura har hannu ya saba, mata ma haka. Mako mai zuwa kowane mai inji ya zo da lambar injinsa, ya rubuto ta da hannunsa. Za mu yanka juwan tare.

Mai tambaya ya ɗaga hannu. Baba, na ga tun ɗazu kana son magana. Bismilla.